Makauniyar Mujiya da Alƙalanta

Kwafi hamsin kacal marubucin Iran Sadik Hidayat ya fitar. Yana zaune a Bombay ta ƙasar Indiya tsakanin 1936 da 1937, inda ya je koyon Fahlawi, tsohon harshen Farisa, sai ya rubuta ɗan littafinsa da hannu, aka gurza a injin kwafi, ya sa aka rubuta a jikinsa cewa ba a yarda a buga shi ko a sayar da shi a Iran ba. Sunan littafin Bufi Kur, wato Makauniyar Mujiya. Lokacin Riza Shah ne ke kan gadon mulki, kuma duk mai riƙe da alƙalami ya san iyakarsa. Sai da sojojin Birtaniya da na Tarayyar Sobiyet suka mamaye ƙasar a 1941, suka tilasta wa sarkin sauka, sannan wata jarida a Tehran ta fara buga labarin kashi-kashi.

Tun daga nan littafin bai huta ba. An ce guba ne, saurayin da ya karanta shi zai kashe kansa, har iyaye suka riƙa hana 'ya'yansu taɓa shi. An ce sata ce daga Turawa. An ce surkulle ne marar kai marar gindi. Hukuma ta hana, ta bari, ta sake hanawa, a zamanin Ahmadinejad ma an riƙe izinin sake buga shi. Duk da haka, in ka bi titin Inƙilab da ke gaban Jami'ar Tehran, inda shagunan littattafai ke jere, za ka tarar da shi a shimfiɗe a gefen hanya wurin masu sayar da bugun bayan fage.

Ni dai abin da na gani a wannan doguwar rigima ta sabon salon ƙagaggen labari a Farisanci shi ne, talakan mai karatu ya fi mai sharhi kusa da gaskiya. Masu sharhi, na addini ne ko na jam'iyya ko na jami'a, tambayoyi biyu suka yi ta nanatawa shekara da shekaru: daga wurin wa marubucin ya aro, kuma wa yake yi wa aiki. Mai karatu kuwa tambayarsa ɗaya ce, ko da bai iya furta ta ba: wahalar nan da marubuci ya ɗora mini, akwai dalilinta? Inda ya ga dalili ya jure, ya ci zomo ya ci gudu. Inda ya ga don burga aka wahalar da shi, ya ajiye littafin ya kama gabansa, kuma ban ga laifinsa ba.

Mu nan abin da muka fi ji game da Iran shi ne takunkumi da nukiliya da muhawarar aƙida. Amma labarin Farisa ya daɗe a gidajenmu. Ƙashin bayan Dare Dubu da Ɗaya daga wani tsohon littafin Farisa ya fito, kuma dabarar sa aku ya riƙa zuba labari dare bayan dare don ya tsare wani daga fita, wadda muka sani a Magana Jari Ce, tana nan a Tutinama, littafin Farisanci na ƙarni na 14. A daidai lokacin da Abubakar Imam ke gina mana gida da wannan tsari a Zariya, jikokin masu tsarin suna can suna rushe shi.

Rushewar ba da Hidayat ta fara ba. A 1921 Muhammad Ali Jamalzada, ɗan wani shahararren mai wa'azi da aka kashe saboda goyon bayan tsarin mulki, ya buga gajerun labarai shida a Berlin. A gabatarwarsu ya koka cewa marubutan Iran junansu suke yi wa rubutu, ya nemi abin da ya kira dimokuraɗiyyar adabi. Labarin farko ya nuna abin da yake nufi. An kulle wani yaron gidan shayi mai suna Ramazan a ɗakin tsare mutane na tashar jiragen ruwa ta Anzali, tare da wani shehi da wani ɗan boko da ya dawo daga Turai. Yaron a tsorace ya tambayi shehi laifin da suka yi, shehi ya zubo masa Larabci cikin rigar Farisanci. Ya juya wurin ɗan boko, shi kuma ya cika masa kunne da Faransanci. Ramazan ya ruga bakin ƙofa yana kururuwa a zo a fitar da shi, ko dukansa za a yi ya yarda, don an haɗa shi da mahaukata. Malamai suka fusata da littafin, aka yi masa ca a Tehran, Jamalzada kuma ya yi kusan shekara ashirin bai sake fitar da labari ba.

Ke nan sabon adabin ya fara ne da kiran a yi wa talaka magana da harshen da yake ji. Hidayat bai saɓa wannan ba. Shi da abokansa uku, Buzurg Alawi da Mujtaba Minawi da Mas'ud Farzad, suna zama a gidan shayi suna kiran kansu Rab'a, wato huɗu, don tsokanar dattawan adabi da ake yi wa laƙabi da Sab'a, wato bakwai, waɗanda a wurinsu aikin adabi shi ne gyara tsofaffin diwanai da yi musu ta'aliki. Kalmomin Makauniyar Mujiya masu sauƙi ne, wasu ma na bakin kasuwa. Ginin ne ke juya wa mutum kai.

Mai ba da labarin yana zaune shi kaɗai a bayan gari, sana'arsa zane a murfin gidan alƙalami, kuma hoto ɗaya yake zanawa kullum bai san dalili ba: tsoho mai ƙusumbi a gindin bishiya ya sa yatsa a baki, ga rafi, a ƙetaren rafin wata yarinya cikin baƙaƙen kaya tana miƙo masa fure. Wata rana ya taka kujera zai ɗauko tsohuwar kwalbar giya a saman kanta, sai ya hango ta wata kafa a bango ainihin wannan tsoho da wannan yarinya a waje. Da ya koma dubawa, babu kafa a bangon. Bayan watanni yarinyar ta zo da ƙafarta, ta kwanta a gadonsa, ta mutu. Ya zana idanunta, ya daddatsa gawar ya zuba a akwati, wani tsoho mai keken ɗaukar gawa, mai irin dariyar da ke sa tsigar jiki tashi, ya kai shi wajen tsohon birnin Rayyi ya haƙa masa rami. A ramin aka tono wani tsohon tulu, a jikinsa ga idanun nan, wani ya riga shi zana su da ɗaruruwan shekaru. Ya koma gida ya zuƙi ofiyom, ya farka a wani zamani, a wani ɗaki, yana jinya, da matar da ta ƙi shi ta yarda da kowa, da mahauci a gaban taga, da tsoho mai baza tarkace a bakin titi. Fuskokin farko ne suka dawo da wasu sunaye. A ƙarshe ya kashe matar, ya dubi madubi, ya ga ashe shi ne tsohon.

Wanda ya saba da labari mai farko da tsakiya da ƙarshe dole ya tambaya: to wanne ne mafarki, wanne ne ido biyu? Littafin ba ya amsawa. Amma mutumin ya faɗa tun a shafukan farko cewa ba don kowa yake rubutu ba sai don inuwarsa da ke jikin bango. Wanda ya rasa abokin magana, wanda tunaninsa ke kewaya wuri ɗaya dare da rana, ba zai taɓa ba ka labari a miƙe ba. Maimaicin nan da masu suka suka kira rauni, jimla guda ta dawo sau uku sau huɗu, dariya guda ta fito daga bakin mutum biyar, shi ne ciwon da kansa. Da Hidayat ya jera abin daki-daki, da rahoton likita ya rubuta.

Alƙalai na farko masu ƙarfi 'yan Tuda ne, jam'iyyar gurguzu da aka kafa a 1941, wadda a shekarun nan ta cika jaridu da majalisun 'yan boko. A 1946 aka yi taron marubutan Iran na farko a Tehran ƙarƙashin ƙungiyar hulɗar al'adu ta Iran da Sobiyet, kuma ma'aunin da ke tashe shi ne: me littafinka ya tsinana wa lebura da manomi? Da wannan ma'auni suka rungumi Haji Aga, labarin da Hidayat ya fitar a 1945 yana yi wa wani attajiri munafuki tsiya, suka ɗauki Makauniyar Mujiya a matsayin cutar yanke ƙauna da ya kamata marubuci ya warke daga gare ta. Haji Aga na sa dariya, babu musu, amma karatu ɗaya ya ishe shi. Hidayat ya mayar musu da martani a 1948 da dogon sharhinsa kan Kafka, marubucin Turai da ya riga ya fassara wasu labaransa, kuma daga nan kowa ya san hanya ta rabu.

A Afrilun 1951 ya toshe kafofin ɗakin da ya kama haya a Paris ya buɗe gas. Mutuwar ta yi wa littafin illar da har yau bai warke ba, don an daina kallonsa a matsayin gini, an koma karanta shi a matsayin wasiyya. Jalal Ali Ahmad, wanda muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi a adabin shekarun da suka biyo, ya karanta shi a matsayin kukan mutumin da mulkin kama-karya ya shaƙe. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ita ma wata hanya ce ta mayar da littafi takardar shaida a gaban kotu.

Sai kuma ga fassarar Faransanci ta Roger Lescot a 1953, mawaƙin Faransa André Breton ya yaba, ta Ingilishi ta biyo a 1957. Yabon Paris ya ɗaga darajar littafin a Tehran, abin da ya kamata ya ba masu sharhin gida kunya, kuma shi ne ya ƙara wa masu zargin sata ƙarfi. Manazarta sun nuna wuraren da suka yi kusa ƙwarai da rubutun mawaƙin Jamusanci Rilke, sun nuna sawun marubucin Amurka Edgar Allan Poe, har wani Ba'amurke, Michael Beard, ya rubuta littafi guda a 1990 yana karanta shi a matsayin labarin Yamma. To, ya aro. Mutum ne da ya yi karatu da Faransanci tun yana yaro. Amma shi ne dai ya bi tsofaffi ya tattara camfe-camfen Iran ya buga a 1933, shi ne ya fitar da rubā'iyyan Umar Khayyam, wato waƙoƙinsa masu layi huɗu-huɗu, da sharhinsa a 1934, kuma duk wanda ya san Khayyam ya san tulun da aka gina da ƙasar jikin matattu. Hoton tsoho da budurwa a gindin bishiya kuwa, masu zanen Farisa sun yi ƙarnoni suna maimaita shi. Wanda ya ce aro laifi ne, sai ya fara da waƙar Farisa kanta, wadda ta ari aruli, wato ma'aunin waƙar Larabawa, fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma ba mu ji an ce babban mawaƙinsu Hafiz ba Bafarise ba ne. Rubutacciyar waƙarmu ma ai haka ta yi.

Kada a ɗauka wanke mutumin nake yi. Hidayat na da ƙiyayyar Larabawa irin ta 'yan kishin ƙasar zamaninsa, ya yi wasu rubuce-rubucen izgili ga addini waɗanda Musulmi ba zai karanta ransa bai ɓaci ba, kuma mace a wannan littafi ko dai mala'ika ce marar magana ko karuwa, duka biyun kuma wuƙa ce ƙarshensu. Mata manazarta sun faɗi wannan da babbar murya, sun kuma yi daidai. Sai dai wannan suka ce ta wanda ya karanta ya gane, ya ga abin ƙi ya ƙi. Irinta nake girmamawa, ba ta mai cewa ba a gane komai ba.

Shekarun 1960 ne abin ya yi reshe. An fassara marubucin Amurka Faulkner zuwa Farisanci a 1959, samari suka ga ashe ana iya shiga cikin kan mutum a rubuto tunaninsa yadda yake zuwa. Sadik Cubak ya fitar da Sangi Sabur a 1966, labarin wani gidan haya a Shiraz inda kowane mazauni ke magana da ransa da irin bakinsa, har da ƙaramin yaro da tsohuwar da ke ruɓewa a kwance, matar da duk labarin ke kewayawa kuwa, Gauhar mai auren mutu'a, ba a ba ta babi ko ɗaya ba. Aka ce ƙazanta ce. Mai sharhi Riza Barahini na cikin 'yan kaɗan da suka tsaya masa. Kafin shi, a 1961, wani ɗalibin likitanci ɗan Najafabad, Bahram Sadiki, ya fitar da Malakut, wanda jimlarsa ta farko ke sanar da kai, da muryar mai karanta sanarwa, cewa da ƙarfe sha ɗaya na daren Laraba aljani ya shiga jikin Malam Mawaddat. Abokansa uku suka kwashe shi sai wurin Dakta Hatam, likitan da ke yi wa mutanen gari allurar da suke zaton ta ƙarin kwana ce alhali ta mutuwa ce, wanda a saman benensa akwai wani mutum da ke sa a yanke masa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Ba ka sanin ko dariya za ka yi ko ta'awizi.

Amma shekarar da ta fi nuna kuskuren masu sharhi ita ce 1969, lokacin da littattafai biyu suka fito. Hushang Gulshiri malamin makaranta ne a Isfahan, cikin wasu matasa da ke fitar da mujallar Jungi Isfahan, suna karanta wa juna rubutu suna yi wa juna fata-fata. Littafinsa Shazda Ihtijab dare ɗaya ne tak. Wani ɗan sarki, ragowar gidan Ƙajar da aka tuɓe a 1925, yana zaune a kujera cikin duhu, tarin fuka na cinsa, kayan gado sun ƙare a sayarwa. Hotunan kakanni suna saukowa daga bango su zauna da shi, daga kakan da kisa bai zame masa komai ba zuwa uban da ya sa aka buɗe wa taron jama'a wuta. Matarsa Fakhrunnisa, wadda ta fi shi ilimi, wadda kan karanta tarihin ta'asar gidansu tana yi masa dariya, ta riga ta mutu da irin ciwonsa, shi kuma ya tilasta wa 'yar aikinta Fakhri ta sa kayanta, ta yi kwalliyarta, ta amsa sunanta. A nan ne salon ke aikinsa. Magana takan fara a bakin Fakhri ta ƙare a bakin Fakhrunnisa ba tare da an yi maka sallama ba, don ita kanta yarinyar ta daina sanin ko wace ce ita. Mai karatu na ruɗewa daidai inda ya kamata ya ruɗe. Akwai kuma Murad, tsohon mai tuƙa keken doki da ya gurgunce, wanda duk zuwansa labarin rasuwar wani dangi yake kawowa a ba shi na goro. A zuwansa na ƙarshe, rasuwar ɗan sarkin da kansa ya sanar masa.

Na biyun shi ne Sawushun na Simin Danishwar, matar Ali Ahmad. Shiraz ce a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Birtaniya na sayen hatsi jama'a na mutuwa da yunwa, Yusuf mai gona ya ƙi sayar musu, matarsa Zari na tsoron abin da zai biyo baya, kuma ya biyo. Labari ne a miƙe, an sayar da fiye da kwafi rabin miliyan. Masu son raba gari biyu suka ja layi: ga adabin sadaukarwa mai yi wa jama'a magana, ga na 'yan salo masu wasa da kalmomi, waɗanda cutar Yamma ta kama, kamar yadda littafin Ali Ahmad na 1962 ya koya wa kowa faɗa. To amma wane littafi ne ya fi Shazda Ihtijab tona ruɓewar sarautar gado, a ƙasar da Shah, ɗan Riza Shah, ke shirin bikin cikar sarauta shekara 2500? 'Yan sandan ciki ai sun gane, Gulshiri ya sha ɗauri a zamanin Shah. Masu karatu kuwa ba su shiga wannan rabon ba. Sun sayi wannan sun sayi wancan, Bahman Farmanara ya mayar da Shazda fim a 1974, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Tehran.

Bayan juyin juya halin 1979 alƙali ya sauya riga. Kowane littafi sai ya sami izini daga ma'aikatar al'adu, wadda marubuta ke kira Irshad a taƙaice, kuma mai tacewa kan dawo da rubutu da jerin shafuka da layukan da za a cire. Duk da haka, da yaƙin Iran da Iraƙi ya ƙare a 1988 sai ga sabon ambaliya. Abbas Ma'arufi ya fitar da Samfoniye Murdagan a 1989, labarin Habila da Ƙabila a birnin Ardabil mai dusar ƙanƙara, inda uba ɗan kasuwa ya ƙone littattafan ɗansa mawaƙi, ƙanen kuma ya ƙarasa abin da uban ya fara. An tsara shi kashi huɗu irin na kiɗan Turai, lokaci na gaba na baya. Masu sharhi suka ce Faulkner ne aka sa wa hula, masu karatu suka yi ta saye har aka rasa adadin bugu a baki. Shahrnush Parsipur, wadda ta riga ta yi fiye da shekara huɗu a kurkuku, ta fitar da labarin mata biyar da suka haɗu a wani lambu a Karaj: ɗaya ta dasa kanta a ƙasa ta zama bishiya, ɗaya ta mutu ta tashi, ɗaya karuwa ce da ta wayi gari tana ganin maza ba kawuna. Aka hana littafin, aka sake kama ta, kuma abin lura, ba don matar da ta zama bishiya ba, don maganar budurci da ta yi a fili ne.

Takunkumin nan ya haifar da wata cuta a wurin masu karatun da nake yabo, gara in faɗa. Mutanen da suka san marubuci ba zai iya faɗin abu kai tsaye ba sun koyi neman ishara a ko'ina. Dare zalunci ne, hunturu gwamnati ce, uba mai zafi shugaba ne. Sau da yawa haka ɗin ne, mutuwar Yusuf a Sawushun ma da yawa juyin mulkin 1953 da ya kifar da firaminista Musaddiƙ suke gani a cikinta. Amma idan kowane labari ya zama kacici-kacici mai amsa ɗaya, wanda ya gano amsar ya gama da littafin ke nan, kuma marubuci malalaci ya sami mafaka: ya rubuta abin da shi ma bai gane ba, a ce tsoron hukuma ne ya sa ya lulluɓe.

Tsoron kuwa ba na wasa ba ne. A 1994 marubuta 134 suka sa hannu a wata takarda suna neman a daina tace rubutu. A 1995 aka tsinci gawar Ahmad Mir-Ala'i, mai fassara marubucin Ajantina Borges, ɗaya daga masu mujallar Jungi Isfahan ɗin nan. An yanke wa Ma'arufi ɗauri da bulala, ya bar ƙasar a 1996, a Berlin ya rasu a 2022. A ƙarshen 1998 aka shaƙe Muhammad Mukhtari da Muhammad Ja'afar Puyanda, ma'aikatar leƙen asiri kuma ta fito ta amsa cewa wasu jami'anta ne suka aikata. Duk mai cewa 'yan sabon salo 'yan hutu ne da ba ruwansu da jama'a, ya dubi wannan jerin.

Amma a shekarun nan ne kuma sansanin 'yan salo ya yi nasa laifin. Azuzuwan koyon rubutu suka yawaita a Tehran, Gulshiri na da nasa, Barahini na da nasa, ra'ayoyin manazartan Faransa na shigowa a fassara, rabi an gane rabi ba a gane ba. Aka sami samarin da suka koyi karya lokaci kafin su koyi ba da labari. Marubuci na faɗa da tauraronsa a tsakiyar shafi, jimla ba aya ba waƙafi, in ka tambaya me ya faru a dube ka a matsayin baƙauye. Gulshiri ya ruɗa ka ne don Fakhri ta ruɗe. Waɗannan sun ruɗa ka ne don a ce su ma sun iya, irin telan da ya cika riga da aiki har aka rasa inda za a sa wuya.

Masu karatu suka amsa da aljihunsu. A 1995 wata mata da ba a san ta a majalisun adabi ba, Fattana Haj Sayyid Jawadi, ta fitar da Bamdadi Khumar: Mahbuba 'yar babban gida ta nace sai ta auri Rahim yaron kafinta, ta aura, ta ɗanɗana kuɗarta, ta tsufa tana ba 'yar ɗan'uwanta labari don kada ta maimaita. An sayar da dubban ɗaruruwa. Har wata marubuciyar ta fitar da littafi guda tana ba da labarin daga bakin Rahim, don a ji nasa ɓangaren. Masu sharhi suka yi ta tsaki, suka ce adabin kasuwa ne mai koya wa mutane raina talaka. Zargin raina talakan na da tushe. Amma tsaki ba sharhi ba ne, kuma ba su tsaya sun tambayi abin da dubban mata suka samu a ciki wanda ba su samu a wurinsu ba. Wanda ya tuna yadda aka yi ta jifan littattafan soyayya na Kano a jaridu a daidai waɗannan shekaru, alhali su ne suka mayar da matan aure da 'yan mata masu karatun Hausa, ya san wannan tsakin.

Gulshiri ya rasu a 2000, aka kafa kyautar adabi da sunansa. Cikin littattafan farko da suka ci ta akwai na Zoya Pirzad, labarin wata matar aure Ba'armeniya a unguwar ma'aikatan kamfanin mai a Abadan, wadda ranarta ba ta wuce girki da kai yara da kashe fitilu in kowa ya kwanta ba. Babu aljani, babu gawa a akwati, jimlolin gajeru ne masu sauƙi. Wasu 'yan salo suka ji haushi. Ni kuwa ina ganin alƙalan sun fahimci malaminsu fiye da masu kwaikwayonsa, don sauƙin nan ma zaɓi ne: rayuwar da kullum iri ɗaya ce, da muryar da ba ta ɗagawa ake ba da ita, har mai karatu ya ji nauyin abin da matar ba ta faɗa ba. An yi ta sake buga shi, kuma wannan karon masu saye da masu ba da kyauta sun tsaya a layi ɗaya.

Muna da ɗalibai da suka yi shekaru a Ƙum da Tehran, suna jin Farisanci kamar 'yan gida, sai dai kusan duk abin da suke juyo mana littattafan addini ne da na siyasa. Da ɗayansu zai nemi shawarata kan labarin da zai fara fassarawa, ba zan ce Makauniyar Mujiya ba, don rigimar marubucinta za ta cinye littafin kafin a buɗe shi. Shazda Ihtijab kuma sai wanda ya ƙware a Hausa ƙwarai, don sauyin muryar nan in aka kuskure shi kaɗan ya zama shirme. Malakut zan ce ya ɗauka. Gajere ne, kuma mutanen da suka tashi da labarin aljanu da masu cire su ba za su tsaya tambayar ko daga Kafka aka aro ba, shafi na biyu za su buɗa su ga yadda likita zai yi da Malam Mawaddat.